Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Ni ce dai Mairama mai fura, ta unguwar Magajin Gari a nan Birnin Gwari. Wanda bai san ni ba ya sani yanzu: ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ba na ganewa. Magana nake yi a waya, mai shafin nan tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara min kalma, ko da ta zagi ce.

An karanta min tambayoyinku. Wai me ya sa nake ta cewa yarinyar, yarinyar, ko ba ta da suna ne? Tana da shi mana, har rago aka yanka. Amma 'yar fari ce. Mu a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kamar yadda ba ta kiran sunan mijinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsaya masa ana kallo. Ana yaye ta yayar babanta ta ɗauke ta, shi ya sa in ta kama dole nake ce mata 'Yar Goggo. In ba dole ba, "ke" ta ishe ni. Shekararta ashirin da shida, kuma bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Ku riƙe wannan, don a kansa wani ɗan iska ya taka ni.

Da muna Randagi, da shanunmu da gonar masara. Da dajin ya lalace muka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka muka shigo gari. Babanta bai yi shekara a nan ba ya rasu. Ɗaki ɗaya muke ciki ni da ita, da ɗan tsakar gida inda turmina yake, da randa, da igiyar shanya. A ƙarƙashin gadona akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. A cikinta nake ajiye abu ɗaya tak da muka fito da shi wanda ba ya mutuwa ba a kuma kora shi daji: takardun makarantarta. Karatun aikin lafiya ta yi, shekara uku. Na naɗe su a ɗankwalin aurena, na sa a leda, na sa kanumfari saboda kyankyaso.

Wata biyar ke nan da wata ƙungiya ta zo neman ma'aikatan lafiya da za su yi aiki a ƙananan asibitocin ƙauyuka. Ba zan kira sunanta ba tukuna. A wani ɗakin taro suka zauna kwana biyu. Ranar da za ta je, ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta goge farin hijabinta da dutsen gawayi har sau biyu, ta ari takalmin maƙwabciyarmu mai rufe ƙafa. Ni ina daka ban ɗaga kai ba, na ce, "Ke, ki kula da ledar nan." Iyakar abin da na ce ke nan. Addu'ar a ciki na yi ta.

Ta dawo da la'asar, hannu babu leda.

"Ina takardun?"

"Sun karɓa, Inna. Wani Malam Sadisu ya ce za a kai Kaduna a tantance na asalin, sati biyu a dawo da su. Ya ce na fi kowa amsa tambaya."

"Na kowa ya karɓa?"

Ta sunkuya tana cire takalmin. "Nawa da na wasu huɗu."

"Duk mata?"

"Duk mata."

Taɓaryar ta yi min nauyi a hannu, amma na ci gaba da daka.

Sati biyu ya wuce. Unguwarmu sabis ba ya shiga sai ya ga dama, sai an hau wani dutse da ke bayan kasuwar shanu. Kullum da hantsi yarinyar nan za ta sa hijabi ta hau dutsen nan ta kira shi. Yau ya ce oga ya yi tafiya. Gobe ya ce kwamfuta ta lalace. Jibi ya ce ana kan tantancewa, ta ƙara haƙuri. Ta rubuta saƙo da Turanci, ta karanta min tana fassarawa: wai tana gode musu da damar da suka ba ta, tana tunatar da su cikin girmamawa. Na ce, "Godiyar me? Kayanki ne a hannunsu, kina gode musu?" Ta ce haka ake yi, Inna, wai in ka matsa musu sai su jefar da fayil ɗinka.

Daga nan sai ta daina karanta min amsoshinsa. In ta sauko daga dutsen sai ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Yanzu bari in gaya muku Abdulfattah. Shi ne mai nemanta, ɗan Kuyello ne, yana koyarwa a firamare. Yaro ne mai kunya, tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar zai shige ƙasa. Tana son sa, yana son ta, babu wanda ya haɗa su. Sun yi magana cewa sai ta kama aiki za a sa rana.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo, da farar shadda da hula zanna, suna zaune a zaure a kan tabarma. Na kawo musu fura a kwano, zan juya ke nan sabis ya ga dama ya shigo. Wayarta ta yi ƙara. Hannunta da danshin fura, garin kashewa ta danna, ashe saƙon murya ne daga Sadisu, sai ga muryar namiji ta cika zauren.

"Ke kam kin cika wahalar da kanki. Na ce miki takardunki suna nan a aljihun teburina. Ki shigo Kaduna ke kaɗai mu gana, na san inda zan sauke ki. In kin zo, aiki kamar kin samu ne. Amma fa ki bar hijabin nan a gida."

Ya kuma yi wata 'yar dariya a ƙarshe. Dariyar nan har yau tana kunnena.

Abdulfattah ya ajiye ludayi a hankali. Ya kira sunanta, ya ce, "Tun yaushe?"

"Wata biyu," in ji ta. "Wallahi ban taɓa amsa masa ba. Duba ka gani."

"Amma kina ci gaba da kiransa."

"Takarduna ne a hannunsa, Abdul. Ya kake so in yi?"

"Ki bar masa su," in ji shi. "Na yarda da ke, amma ba zan iya zama ina tunanin kullum kina kan dutse kina roƙon wannan mutumin ba. Ki yi min alkawari ba za ki sake kiran kowa a cikinsu ba."

Ta dube ni. Ni kuma na kau da kai, don uwa ba ta shiga maganar 'yar fari da mai nemanta. Ta yi masa alkawarin tana kuka.

Kafin Lahadi magana ta kai kunnen Bakoji, ƙanin babanta. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya zauna a kan turmina ko sallamar kirki babu.

"Mairama, na ji 'yarmu ta zama abin aika wa murya. To a rufe maganar aikin nan. Ana gama girbin dawa a ɗaura aure. Takarda ai takarda ce, ta tafi ta tafi."

"Shanu sun tafi ka ce sun tafi," na ce. "Gona ta tafi ka ce ta tafi. Wannan ma in ce ta tafi? Ba da bindiga aka karɓe ta ba fa, Bakoji. Da murmushi aka karɓa, da rana tsaka, a cikin gari."

"Ke za ki je Kadunan? A wannan hanyar?"

Ya san inda ya taɓa. Tun da muka shigo gari ban sake shiga mota ba. Hanyar nan ta cikin daji take bi, kuma kowa ya san yadda motoci suke jira a tasha sai sun taru sannan su tashi tare.

"Kuma ma," ya ce yana miƙewa, "yaushe kika fara tsaya wa 'yar fari? Ki ji kunya mana."

Ga yadda muka zauna: ita ta yi alkawari ba za ta kira ba. Ni hanya ta fi ƙarfina. Takardu suna aljihun teburin ɗan iska. Kullum na buɗe adakar nan in ga ɗankwalin aurena a ninke, babu komai a ciki sai kanumfari.

Sai na ce to ai ni ban yi wa kowa alkawari ba.

Washegari tana wanki na ɗauki wayar a kan taga na soke a zani. Na san inda lambarsa take, don na sha ganin yadda take dannawa. Na hau dutsen nan da gwiwoyina masu ciwo, ina hawa ina hutawa. Ya ɗauka da murna, yana zaton ita ce.

"Kin yi tunani ke nan?"

"Uwarta ce," na ce. "Ka dawo min da takardun yarinyata."

Sai ya gyara murya irin ta ofis. "Sannu Baba. Wace yarinya?"

"Mai wayar nan."

"Baba, mutum ɗari uku muka gani a Birnin Gwari. Mu da suna muke aiki. Faɗi sunanta in duba."

"Ka san ta sarai."

"Sunanta nake so."

"'Yar Goggo."

Ya fashe da dariyar nan tasa. "Babu 'Yar Goggo a fayil ɗinmu. Af, ko 'yar fari ce? To faɗi sunan babanta, sai in nemo ta da shi."

Kun gani? Ɗan Hausa ne, uwarsa ma haka take yi. Ya san abin da ya riƙe min harshe, da shi ya ɗaure ni. Na buɗe baki, wallahi sunan yana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi, ya ƙi fita.

"Ba suna, ba fayil, Baba," ya ce. "In kin tuna sunan 'yarki ki sake kira."

Ya kashe.

Sau huɗu ina hawa dutsen nan a sati biyu. Sau huɗu yana yi min wannan wasan. Na zage shi, na zagi tarbiyyarsa, na ce Allah ya isa. Shi dai amsarsa ɗaya: suna. Ran nan ma na ji kamar ya sa wayar a fili, wasu suna taya shi dariya.

Wanda ya buɗe min ƙofa Andrawus ne, maigadin ɗakin taron da suka zauna. Bagwari ne dattijo, kullum yana sayen furata, wai ta fi ta kowa yaji. Ina zuba masa ya ce, "Mairama, kwana biyu furarki babu daɗi. Wa ya taɓa ki?"

Na kwashe duka na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Wannan mai jan takalmin? Ai ba shi ne babba ba, ɗan aike ne da kwat. Babbarsu mace ce, Madam Gloria. Ita ta zauna a ciki tana rubutu. Ta bar min lambarta saboda sun manta akwatinsu ɗaya."

Wayar yarinyar tana soke a zanina, ya sa min lambar a ciki, ya nuna min. "Ki danna nan, koren. Da safe take ɗauka, kafin ta shiga taro. Ki yi magana a tsaye, kada ki yi ta kewaye-kewaye irin namu na tsofaffi."

Ranar Litinin da sassafe, yarinyar ta tafi ɗebo ruwa, na sake satar wayar. Dutsen babu kowa sai awaki biyu. Daga sama ana hango dajin, shiru, kore shar, kamar bai taɓa cin kowa ba. Wayar tana ta ƙyafta ja, alamar caji ya kusa ƙarewa. Na danna kore.

"Halo?"

"Ke ce Gloria?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Mairama ce daga Birnin Gwari. Ban yi boko ba, kada ki yi min Turanci. Yaronku Sadisu ya riƙe takardun yarinyata wata biyar, ya ce ba zai bayar ba sai ta je masa Kaduna ita kaɗai, ba hijabi. Muryarsa tana cikin wayar nan. Ni ba roƙo na kira ba. Kayanmu nake so, kuma ina so a gaya min wa ya ba shi izinin wulaƙanta 'ya'yan mutane."

Na ji ta ja kujera. "Mama, na asali ya karɓa? Mu ba ma karɓar na asali. Fotokwafi kawai muke ɗauka."

"To shi ya karɓa. Na mata biyar."

"Ki tsaya, ina gaban kwamfuta yanzu. Minti biyar ya rage min in shiga taro. Faɗa min sunanta."

Ga mu nan kuma.

"'Yar fari ce," na ce.

"Na gane, Mama. Kakata ma haka take yi da babana. Ba wasa nake miki ba, amma wannan abin ba ya gane kunya, sai an rubuta masa suna. Akwai wani kusa da ke da zai faɗa?"

Na waiga. Awaki ne kawai. Wayar ta sake yin ƙara a kunnena, caji. Na tuna uwata, na tuna uwar mijina, duk matan da suka mutu ba su kira sunan 'ya'yansu na fari ba, kuma babu wanda ya ce ba sa son su. Na tuna Bakoji a kan turmina yana cewa in ji kunya. To na ji kunyar, shekara ashirin da shida ina jin ta. Me ta kare min? Da ita ɗan iska ya yi min igiya.

Na rufe ido.

"Bushira," na ce.

Ai ban san haka sunan yake da daɗi a baki ba.

"Bushira wa? Muna da Bushira uku. Sunan mahaifi."

Wannan ya fi na farko. Mutumin da na zauna da shi shekara talatin ina ce masa "Malam", ina ce masa "mai gidan", har aka fita da gawarsa ban kira shi ba. Na ce a raina, ka yafe min, 'yarka ce.

"Ɗalha. Bushira Ɗalha."

Na ji yatsunta suna buga kwamfuta. Sai ta ja numfashi.

"Mama, 'yarki ta ci. Ita ce ta biyu a duk waɗanda muka gani a can. Tun wata uku da suka wuce aka ce a kira ta ta zo ta karɓi takardar kama aiki."

"Babu wanda ya kira ta da wannan maganar!"

"A nan an rubuta an kira ta, ta ce ba ta so."

"Wa ya rubuta?"

"Wanda aka ba aikin kiran 'yan Birnin Gwari." Ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. "Ki saurare ni da kyau. Ranar Juma'a za a rufe, a ba wata gurbinta. Ba zan iya goge abin da aka rubuta da maganar waya ba. Sai ta zo da kanta ranar Alhamis, da wayar nan, kada a goge ko saƙo ɗaya. Ki zo da ita in za ki iya. Zan sa a buɗe teburinsa a gabanku. Kada ki sake kiransa, kada ya san..."

Wayar ta mutu.

Na tsaya riƙe da ita. Da na juya zan sauka, sai ga ta a bayana. Ashe ta dawo daga rijiya ba ta ga wayar ba, ta biyo ni. Ko hijabi babu, tsohon mayafina ta yafa, bakin zaninta a jiƙe, silifas ɗinta wari da wari. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Fuskarta ce ta gaya min.

"Inna," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ashe kin san shi."

"Ni na haife ki, ba zan sani ba? Sakarya."

"Ban taɓa jin sa a bakinki ba."

"To kin ji."

"Ki sake faɗa."

"Ba zan sake ba. Dutse ne ya ji, da awaki." Na miƙa mata wayar. "Kai wannan caji, kada ki goge komai. Kin ci aikin tun wata uku, ɓoyewa ya yi. Alhamis ake son mu a Kaduna."

Ta dafe ƙirji. Ta dubi dajin, ta dube ni. "Alkawarin Abdul fa?"

"Alkawarin kira kika yi, ni na kira. Ki je ki gaya masa duka. In namiji ne ya zo ya zauna kusa da direba. In ba haka ba ya zauna a Kuyello ya ci gaba da kishi da muryar waya."

"Bappa Bakoji fa?"

"Bar ni da Bakoji."

"Inna, hanyar fa? Ke da kika ce ba za ki sake bin ta ba har ki mutu?"

"Da ma akwai abin da na ce ba zan faɗa ba har in mutu."

Ta kama hannuna muka sauko, ni da ban taɓa barin ta riƙe ni a fili ba. Masu kai shanu kasuwa suna kallo. Na bar su suka kalla.

Yau Laraba nake wannan maganar. Abdulfattah ya ji komai, ya sunkuyar da kai ya tafi, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na je tasha na kama mana wuri a motar da za ta tashi tare da sauran da safe. Farin hijabin yana kan igiya. Na ciro ɗankwalin aurena daga adaka na sa a jaka, da leda sabuwa, don ba zan dawo da shi wayam ba.

Tsoron hanyar nan yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba, ko fura ban iya damawa ba yau. Amma Sadisu ya ce in na tuna sunan 'yata in sake nemansa. To na tuna. In Allah ya tsallakar da mu dajin nan gobe, a gaban teburinsa zan tsaya in faɗa masa shi da ƙarfi, har na ofis ɗin ƙarshe ya ji.

Ke mai rubutu, rubuta shi da kyau, kada ki rage ko harafi: Bushira Ɗalha.